Tafin Ƙasar da Tasalla Ta Roƙa

Dalilin da ya sa teku ba ya zama shiru, kullum yana gutsurar gaɓar wani gari yana kai wa wani, wata mata ce ta jawo shi, sunanta Tasalla. Ku bar tsokanar ƙaguwar nan haka, ku matso inuwa, in ba ku labarin kamar yadda kakata ta ba ni.

A zamanin da, teku a kwance yake kamar ruwan randa. Ba igiya, ba kumfa, ba wannan rugugin da ke hana baƙo barci. Mace takan ajiye ƙwaryarta a bakin ruwa da safe, ta dawo da yamma ta tarar da ita inda ta bari. Yara su zana gida a ƙasa dab da ruwa, gidan ya shekara bai goge ba.

Kakanninmu fatake ne. Sun gangaro daga arewa neman goro, suka yi ta tafiya kudu har ƙasa ta ƙare musu. Da suka ga ba gaba sai ruwa, suka sauke kaya a kan wani tudu mai jan yumɓu da ya leƙa teku, suka kafa zango. Zango ya zama gari, aka sa masa Tudun Ja. Yumɓun garin nan ba irinsa. Tukunyar da aka gina da shi, in ka ƙwanƙwasa ta sai ta yi ƙara kamar ƙarfe. Ruwan randarsa kuwa, sanyinsa har haƙori.

A garin akwai wata maginiyar tukwane, ana ce mata Inna Yalwa. Mijinta ya rasu, an binne shi a gangaren tudu ta wajen ruwa, ya bar ta da 'ya'ya biyu. Babban shi ne Nomau, manomi. Ƙaramar ita ce Tasalla, wadda ta tashi a gindin uwarta, hannunta cikin laka tun ba ta iya ɗaura zane ba.

Wata rana wani masunci mai suna Shekarau ya zo sayen randa daga Kan Dutse, wani gari can gabas a bakin tekun, tafiyar da sai an kwana a hanya. Ya tarar da Tasalla tana kwaɓa yumɓu, laka har gwiwar hannu, tana dariya. Ya sayi randa ya tafi. Ba a jima ba ya dawo sayen tulu. Ya sake dawowa sayen kasko. Har Nomau ya ce masa, "Malam, gidanku ana fasa tukwane da gangan ne?" Shekarau ya sunkuyar da kai, Tasalla ta ruga ɗaki. Daga nan kowa ya gane.

Inna Yalwa ba ta hana ba, don yaron mai hankali ne, kuma 'yarta na son sa. Sai dai ta kira ta gefe ta ce, "Tasalla, na taɓa zuwa garin nan. Dutse ne zalla, baƙi, ko ƙasar da za ki shafe murhu babu. Me za ki gina a can?"

Tasalla ta ce, "Inna, ni dama na gaji da laka. Bari hannuna ya huta."

"Kin tabbata?"

"Ko kewar garin nan ba zan yi ba."

Ta faɗi haka ne a gaban ƙawayenta, suka yi shewa. Uwar ta dube ta kawai.

Aka ɗaura aure, aka kai amarya Kan Dutse. Shekarau ya riƙe ta da kyau, dangin miji ma ba ta da abin faɗa a kansu. Kifi kuwa har ta gaji da ci. Amma da ɗokin amarci ya lafa, sai hannunta ya fara nema. Takan tashi da safe ta ga yatsunta suna murza iska. Ta zagaya garin kaf tana neman inda za ta tona, ko'ina dutse. In an yi ruwan farko, a Tudun Ja gari kan ɗauki ƙamshin ƙasa har ya shiga ɗaki. A Kan Dutse ruwa ya sauka ya gangare, ba ƙamshin komai. Ranar da aka yi ruwan farko a shekarar aurenta, ta shiga ɗaki ta rufe fuska da zane, ta yi kuka mai isarta.

Duk da haka, in fatake za su wuce Tudun Ja suka tambaye ta saƙo, sai ta ce, "Ku ce wa Inna lafiya lau nake, ba abin da na rasa." Maganar da ta yi a gaban ƙawaye ta tsaya mata a wuya.

Akwai wani faffaɗan dutse a bakin ruwa inda take wanke ƙore. Wata rana da hantsi ta zauna a kai, ta juya fuska yamma, wajen garinsu, ta fara waƙa a hankali:

"Teku mai faɗin gida,
kai da kake can, kake nan,
ɗebo mini ƙasar garinmu,
ko da cikin tafi ne."

Ba ta yi don a amsa ba. Sai ta ji wata murya mai kauri, a hankali, kamar wanda aka tasa daga dogon barci.

"Wa ke kira na?"

Ƙwarya ta suɓuce daga hannunta. Ta ce, "Ni ce, ranka ya daɗe, Tasalla matar masunci. Ka yi haƙuri, waƙa ce kawai."

Teku ya ce, "Tun da nake kwance nan, mutane kifi kawai suke ɗiba su tafi. Ba wanda ya taɓa yi mini magana. Ƙasar garinku kike so? Ai ga ta can tana taɓa ƙafata."

"Za ka iya kawo mini?"

Teku ya ce, "Ba ni da hannu. Sai dai in motsa jikina. Kuma ban taɓa motsi ba, 'yar nan. In na koya, ban sani ba ko zan iya mantawa."

Da ta tsaya ta yi tunani a kan wannan magana, da yau ba haka duniya take ba. Amma ƙamshin ƙasar ya riga ya cika mata hanci. Ta ce, "Tafi ɗaya ne fa. Tafi ɗaya tak."

Sai Teku ya ja numfashi. Bayansa ya kumbura, ya yi tudu, tudun ya rarrafa ya nufi gaɓa. Wannan ita ce igiyar ruwa ta farko a duniya, kuma ba ta fi tsayin idon sawu ba. Ta je ta lashi gindin Tudun Ja, ta ɗan gutsura, ta miƙa wa ta bayanta, ta bayan ta miƙa wa ta bayanta. Washegari Tasalla ta zo wanke ƙore, sai ga jan yumɓu kwance a tsagar dutse, cikin tafi ɗaya, ba ƙari.

Ta ɗauka da hannu biyu, ta kai hanci. Ta ga tsakar gidansu, ta ga uwarta a durƙushe tana shafe bakin randa, ta ji kukan jakin maƙwabcinsu. Ta zauna nan kan dutse ta gina ɗan ƙaramin kasko, tana yi tana dariya tana hawaye. Shekarau ya dawo daga su ya tarar da matarsa laka har gwiwar hannu, kamar ranar da ya fara ganin ta. Ya ce, "Yau ruwa ya ɗan girgiza mini jirgi, ban san dalili ba." Ta gaya masa dalili. Da ya kalli fuskarta sai ya ce, "In dai zai sa ki dariya haka, ya girgiza."

To, kun san halin ɗan Adam. Kasko ya so a yi masa tukunya, tukunya ta so randa. Tasalla ta koma kan dutse ta sake waƙa, Teku ya sake kawowa. Maƙwabta suka ga tana gini, suka tambaya, ta faɗa musu. Ashe garin cike yake da masu irin ciwonta. Wata tsohuwa da aka auro daga nesa ta ce ita farin yashin da ta yi wasa a kai tana yarinya take so. Wani dattijo ya ce shi baƙar ƙasar gonar ubansa, ya shuka kuɓewa ko tushe ɗaya kafin ya mutu. Kowa ya hau dutse ya rera tasa. Labari ya bi bakin teku gari gari, duk inda mai kewa yake ya fito ya roƙa. Teku kuwa bai iya cewa a'a ba, ya daɗe ba a yi masa magana ba.

Shekara ta bi shekara. Gaban Kan Dutse ya cika da yashi mai laushi, jirage suka daina fashewa a kan duwatsu. Ruwa ya kawo kwakwa ya yar, ta tsiro, ta yi inuwa. Mutane suka fara kafa bukkoki a sabuwar ƙasa. Duk inda Tasalla ta wuce ana sa mata albarka. Ta haifi 'ya'ya, ta koya wa mata gini. Abu ɗaya ne ya ɗan dame ta: ta daɗe da daina waƙa, amma ƙasa ba ta daina zuwa ba. Igiyar da ta fara a idon sawu ta kai ƙugu, wani lokaci in iska ta taso har ta fi mutum tsayi. Takan kalle ta, sai ta kau da kai.

Ana nan sai ga Nomau ya iso a ƙafa, ya rame, ƙafafunsa duk faso. Ta kawo masa ruwa, ya sha, ya daɗe yana kallon randar. Ya ce, "Wannan yumɓun garinmu ne."

Ta ce, "Yaya, lafiya? Ina Inna?"

Ya ce, "Tana nan da ranta. Garin ne babu lafiya. Ruwa ya haukace, Tasalla, yana cin tudu ta ƙasa, sama ta rufto. Gonata ta tafi. Kukar da kuke yin gaɗa a gindinta ta faɗa ruwa. Rijiya ta koma gishiri. Rabin gari sun tashi." Ya ajiye ƙwaryar ruwan. "Kabarin Baba ma ya tafi bara. Yanzu ruwa yana bayan ɗakin Inna, kuma ta rantse ba inda za ta. Mun yi addu'a, mun yi sadaka, ba wanda ya san laifin da muka yi."

Tasalla ba ta tsaya ɗaukar mayafi ba. Ta ruga bakin ruwa, ta shiga har gwiwa, ta ɗaga murya.

"Teku! Teku, ka tsaya haka! Ya isa!"

Muryar ta zo a cikin rugugi, ba irin ta da ba. "Tasalla ce? An daɗe."

"Tafi ɗaya na ce maka! Ka cinye garinmu, ka ɗauke kabarin ubana!"

Teku ya ce, "Tafi ɗaya kika ce, sannan kika ce ƙara. Bayanki dubu suka ce. Kowa na kawo masa, daga garin wani na ɗebo. Ina kike tsammani nake samowa?"

"To ka daina. Na roƙe ka."

"Na gwada. Ranar da kukar nan za ta faɗi na ji yara suna ihu, na so in kwanta, na kasa. Na faɗa miki tun farko. Yanzu iska ta gane ina motsi, ita ke tura ni, ba ta barin bayana ya huta."

"To ka mayar da ƙasar inda ka ɗauko ta."

"Gefe ɗaya take tura ni a wannan gaɓa. Na san hanyar kawowa, ban san ta mayarwa ba. Kuma ki duba bayanki. Mutane nawa suka yi ɗaki a kanta?"

Ta waiwaya. Ga bukkoki, ga shanya, ga 'ya'yanta suna wasa a gindin kwakwa. Ta durƙusa cikin ruwa tana kuka, igiya tana dukan ƙirjinta.

Teku ya ji tausayinta, don ita ce ta fara yi masa magana a duniya. Ya ce, "Tashi. Abin da zan iya shi zan yi miki. Duk abin da na ɗauka ba zan riƙe ba, zan sauke shi a wani wuri, mai nauyi kusa, mai laushi in kai shi lungu inda ruwa ya kwanta, don wani ya samu wurin zama. Kuma kullum zan riƙa ja da baya, in ba mutane sarari su kwashe abin da za su kwashe, kafin in dawo. Tsayawa kam ba zan iya ba."

Shekarau ya tura jirgi, su uku suka kama hanya, igiya na ɗaga su tana saukewa. Da suka hango Tudun Ja, Tasalla ba ta gane shi ba. Tudun ya tsage kamar an yanka tuwo da mara, ja wur, saiwoyin itatuwa na lilo a iska. Ruwan gindinsa ya rine kamar jini. Can a sama ga ɗaki ɗaya a baki, bangon bayansa ya tsage.

Inna Yalwa na zaune a ƙofa, ta tsufa, ta ƙanƙance. Tasalla ta zube a gabanta.

Tsohuwa ta ce, "Wa nake gani kamar Tasalla? Ke da ba ki rasa komai ba, me ya kawo ki kufai?"

Tasalla ta kama ƙafafunta ta faɗa mata komai, tun daga ruwan farko har waƙar da ta yi a kan dutse. Ba ta rage ko ɗaya ba. Nomau ya juya baya ya tafi bayan danga, don bai amince da bakinsa ba. Uwar kuwa ta ɗago fuskar 'yarta, ta ƙura mata ido.

Can ta ce, "Ƙasa kike so?"

"I, Inna."

"Tafi ɗaya?"

"I."

"Ai da kin aiko, 'yar nan. Da na cika miki mangala na ɗora wa jaki. Duk fataken da za su wuce sai na tsaya a bakin hanya, in ji ko kin ce a kawo miki wani abu. Sai su ce kin ce ba abin da kika rasa. Ni kuma in koma ɗaki in ce, to, ta manta da mu."

Nan suka rungume juna suka yi kukan da ya kamata su yi tun shekaru. Da suka gama, tsohuwa ta share fuska da gefen zane ta ce, "Kira yayanki. Ya zo ya ɗaure mini tabarma. Ba ɗakin nake gadi ba dama, jira nake wani ya zo ya ce yana so na."

Teku ya cika alkawari. Ya ja da baya, ya bar fili mai faɗi a gindin tudu. Sauran mutanen gari suka sauko da turame da awaki da ƙyauren ɗakuna, suka loda a jirage. Wasu suka bi su Tasalla, wasu suka hau can cikin ƙasa suka kafa sabon zango. Nomau ya bi su Kan Dutse, sai dai ya shekara ba ya yi wa ƙanwarsa magana sai gaisuwa. Amma da ya ga rogo ya kama a sabuwar ƙasa, ya kawo mata na farko da ya tona, ya ajiye a ƙofarta ya tafi. Ta gane an shirya.

Inna Yalwa ta zauna a Kan Dutse, a bukkar da aka yi mata a gindin kwakwa. Da yamma takan fito da kujerarta ta fuskanci yamma, tana ba jikoki labarin Tudun Ja: ina kasuwa take, wa ke zaune kusa da wa, wace mata ce ta fi iya ƙosai. A lokacin tudun ya riga ya gama faɗawa ruwa, ba a ganin komai sai tsuntsaye na shawagi a wurin. Da ciwon ajali ya kama ta, Tasalla ta zauna a kanta tana kuka, tana cewa, "Inna, na hana ki kwanciya a ƙasar garinku, kusa da Baba."

Tsohuwa ta lalubo yashin ƙasan tabarmarta, ta damƙa, ta bar shi yana zuba ta tsakanin yatsu. Ta ce, "Wannan ɗin ta ina ce? Ku binne ni nan. Garinmu ne, shi da ubanku duka. Sun riga ni zuwa ne kawai."

A nan aka binne ta.

Shi ya sa har yau teku bai kwanta ba. Yana dukan gaɓa dare da rana, inda ya sami ƙasa mai laushi ya gutsure ta da sauri, inda ya sami dutse ya yi ta lasa a hankali har ya huda shi. Abin da ya ɗauka a nan kuwa, ku bi gaɓa gabas za ku tarar ya zube shi can, ya yi tudun yashi, ko ya ja dogon harshe ya tare bakin kogi. Kuma har yau yana ja da baya ya dawo, kamar yadda ya yi wa Tasalla alkawari.

Ku dubi can, inda igiya ke fashewa ta yi fari, bayan jirgin nan mai shuɗin baki. Nan gidan da aka haife ni yake. Akwai zaure, akwai bishiyar lemo a tsakar gida, kuma daga ƙofarmu zuwa ruwa sai yaro ya gaji da gudu. A nan kakata ta ba ni wannan labari, tana tsefe mini kai. Ni ban san garin da aka kai ƙasarmu ba. Ina dai fata masu kirki ne suke zaune a kanta, kuma suna share ta da safe.

Ku tashi ku ɗauko takalmanku. Ga shi nan yana dawowa.